Baba Tsoho Ba Ya Cikin Hoton

Ƙarfe goma da kwata na safe abin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai domin wayata tana rubuta shi a jikin kowane hoto. Bara ne, bayan an gama girbi. Ina tsaye a gaban tsohuwar majami'ar ƙauyen su Mama, can cikin kwari idan an wuce Kwali. Kakana, mahaifin Mama, yana tsaye a bakin ƙofarta, ya dafa bango da hannu ɗaya. Na ɗaga waya, na sauke, na ce, "Baba Tsoho, ɗan matsa gefe." Ya matsa. Na ɗauki ƙofar, babu kowa a bakinta.

Bana, da damina ta zo ƙarshe, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya rasu a asibiti a Gwagwalada.

A wajenmu ba a binne dattijo sai an buga fosta. A manna ta a ƙofar gida da ƙofar coci da jikin motar da za ta ɗauko gawa, a kuma sa babban hoto cikin gilashi a jingina a gaban akwati. Ranar da aka zauna tsara jana'iza a ɗakin Kawu, yayan Mama, wanda yake aiki a wata masana'anta a Idu, kowa ya ɗauki nasa nauyin. Wannan abinci, wancan kujeru da rumfa. Sai Kawu ya juyo wajena.

"Fosta kam ba matsala, ga 'yar jami'a. Ba ke kika cika waya da hotunan ƙauye ba? Turo mini wanda ya fi kyau, in kai wa mai firinta kafin ya rufe shago."

Na buɗe wayar a gabansu. Ga majami'a ta gaba, ga ta ta baya, ga ta ta gefen da rana ke faɗuwa. Ga rumfar injin niƙansa, ga durom ɗin ruwan da ke sanyaya injin, ga tsintsiyarsa a jingine. Ga rumbuna, ga rafi, ga gadar itace. Na kai ƙarshe, na koma farko. Mama tana leƙe ta kan kafaɗata, da ƙarnin kifi a jikinta don daga kasuwar Kado ta taho kai tsaye. Ita ta fara ganewa.

"Babu shi?"

"Babu, Mama."

"Ko ta baya? Ko daga nesa?"

Na girgiza kai. Kawu ya tafa hannu a cinya ya ce, "To ai dama Baba ba ya son hoto. A nemo katin zaɓensa."

Da hoton katin zaɓe aka buga fostar. Mai firinta ya yi iya ƙoƙarinsa, amma hoton da bai kai faɗin babban yatsa ba idan aka buɗa shi ya cika takarda, sai fuska ta narke. Ga goshi yana ƙyalli, ga idanu a zare, ga baki a tsuke kamar wanda aka yi wa tsawa. Babu hula, babu garin niƙa a girarsa.

Ranar jana'iza na tsaya kusa da ƙofa ina raba takardar tsarin sujada, don haka duk abin da masu makoki suka faɗa a kunnena ya sauka. Matan zumunta suka shigo da waƙa, ta gabansu ta tsaya a gaban hoton har layin ya cushe a bayanta, ta ce, "Wannan ƙanensa ne da ya rasu a Minna?" Wata ta ce mata a'a, shi ne. Ta ce, "To Allah ya ji ƙan ko wane ne." Wata tsohuwa daga ƙauyen ƙetaren rafi ba ta ko dubi hoton ba. Ta wuce bakin akwati tana kuka tana cewa wa zai yi mata ɓarza yanzu yadda haƙoranta suke so.

Baffa bai shiga coci ba. Shi tsohon makiyayi ne, Musulmi, rugarsa tana kan tudun da ke kallon kwarin, kuma abokin Baba Tsoho ne tun kafin a haifi Mama. Ya zauna a gindin mangwaro da sandarsa a kan gwiwa. Aka miƙa masa takarda, ya matso da ita kusa da ido, ya nesanta ta, ya ce, "Wannan kam ban san shi ba. Me ya sata aka kama shi?"

Mutane suka yi dariya da hawaye a fuskarsu. Babu wanda ya kalle ni. Da sun kalle ni ma da ya fi mini sauƙi.

Ya kamata in faɗi yadda aka yi mutum ya cika waya da wurin kakansa ba tare da kakan ba. Ina karanta tarihi. A aji biyu aka ba mu aiki a kan tsofaffin gine-ginen karkara, kuma kafin mu fita lakcara ya nuna mana hotunan da aka ɗauka a ƙasashen Turai tun zamanin da. Kwari ne da injin niƙa mai aiki da ruwa, da ƙaramar majami'a, da gidaje a gindin tudu, duka fari da baƙi, tsit, babu mutum ko ɗaya. Na zauna a ajin ina cewa a raina, ai mu ma muna da irin wannan. Na so namu ya fito kamar nasu. Akwai kuma wani dalilin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Ni mai jin nauyin mutane ce. Gini ba sai na gaishe shi ba, ba sai na roƙe shi ya tsaya ba, ba zai tambaye ni yaushe zan yi aure ba. Shi ya sa na zaɓi ranar kasuwar Kwali, ranar da na san ƙauye zai watse. Mutum ɗaya ne ya tsaya dominmu, ni da wayata, shi ma na ce ya matsa.

Aikin ya yi kyau. An rataye uku daga cikin hotunan a barandar sashenmu. A ƙarƙashin kowanne na rubuta da me aka yi bango, da me aka yi rufi, da inda ƙofa take fuskanta. Ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Tunda babu hoto, bari in faɗi abin da ya kamata a gani.

Baba Tsoho fari ne fat da garin niƙa daga Litinin zuwa Asabar. Gira, gemu, cikin kunne, har gashin hannunsa. Ina ƙarama na ɗauka duk tsofaffi gari ne yake sa su furfura. Ranar Lahadi ya yi wanka sai ya fito baƙi kamar wani baƙo, in ƙi zuwa wajensa. Da shekaru suka ja, sai wankan ya daina mayar da shi baƙi. Yana da wani tsumma da Kaka, matarsa, ta ɗinka masa don ya rufe hanci. Yakan ɗaura shi ne idan ya hango ta tana gangarowa da abinci, ta juya baya ya sauke shi wuya.

Injin ya cinye masa kunne ɗaya, don haka bai san magana a hankali ba. Idan ya ce zai faɗa maka sirri, na ƙetaren rafi ma sun ji. A coci "Amin" ɗinsa yana tayar da jarirai. Ni kuwa da ƙyar ake jin muryata, sai muka zama abin dariya a gida. Malama yake kirana tun ban shiga firamare ba, don kullum ina kan buhu a rumfarsa da wata takarda a hannu.

"Malama, me littafi ya ce yau?"

"Bai ce komai ba."

"Me?"

"Na ce bai ce komai ba."

"To ajiye shi ki riƙe mini bakin buhu, shi yana da abin cewa."

A rumfarsa ba mutane ke yin layi ba, kwanuka ne. Mace ta ajiye kwanonta a bayan na wata, ta rufe da faifai, ta wuce gona. Kuma duk wanda ya san injin niƙa ya san ba ya fitar da komai duka. Kullum akwai ragowar da ke maƙalewa a ciki, sai hatsin da ya biyo baya ya turo ta. Wata rana wata mata ta dawo da faɗa, wai farar masara ta kawo amma ga jan dawa a garinta. Ya duba, ya ce mata da muryar nan tasa, "Na maƙwabciyarki ne. Naki kuma yana cikin na wadda ta bi ki. A kwarin nan babu wanda ya taɓa cin tuwonsa shi kaɗai." Matar ta ce ita dai fari ta kawo. Ya ce to ta sayi injinta.

Sai da na girma Mama ta gaya mini abin da yake yi da wannan ragowar. Idan damina ta yi nisa, rumbuna sun yi ƙasa, yana gane gidan da abinci ya ƙare daga yadda kwanonsu yake zuwa rabi. Sai ya ɗauki wannan kwanon ya sa shi a bayan na gidan da ya kawo buhu. Kuma maimakon ya bubbuga injin ya zazzage shi tas kamar yadda ya saba, sai ya manta. Mai buhu ba ya ganin abin da ya ragu. Mai rabin kwano kuwa ta zo ta tarar ya kusa cika, ta ɗauka ta tafi, ba godiya ba kunya. Na tambayi Mama ko wannan ba ha'inci ba ne. Ta ce, "Je ki tambaye shi mana." Ban je ba. Abubuwan da ban tambaye shi ba suna da yawa.

Shi da Baffa ba su taɓa gaisawa da daɗin baki ba. Asalin abin wata saniyar Baffa ce da ta shanye ruwan durom, injin ya yi zafi har ya tsaya. Tun daga nan Baba Tsoho yake ce masa ɓarawon ruwa, shi kuma yake ce masa farin aljani. Sai su zauna a benci ɗaya su raba goro suna zagin juna. Amma babban faɗan rayuwarsa ba da Baffa ya yi ba, saboda Baffa ya yi shi.

Ba ya tayar da inji ranar Lahadi, kowa ya san wannan. Shi ne kuma mai buga ƙararrawar majami'a, wadda ba komai ba ce illa ƙarfen tayar babbar mota da aka rataye a reshen ɗorawa. Wata Asabar mahaifiyar Baffa ta rasu, aka binne ta a ranar. Washegari baƙi suka cika ruga daga ko'ina, babu garin da za a dama musu fura. Matar Baffa ta gangaro da gero a ka, ta tsaya a bakin rumfa. Ba ta roƙa ba, ta san ranar. Baba Tsoho ya fito da shirin coci, ya gan ta, ya wuce ya buga ƙararrawa kamar kullum. Da mutane suka shiga, sai ya dawo ya tuɓe riga ya murɗa injin. Tsakanin rumfar da majami'ar bai fi jifa ba. Ranar babu wanda ya ji wa'azi.

Dattawan ikkilisiya suka sauke shi daga bencin gaba na wasu watanni. Bai ba da haƙuri ba, bai kuma yi gardama ba. Ya koma bencin baya, "Amin" ɗinsa yana isa gaba yadda ya saba. Da fasto ya zo gida don su daidaita, abin da ya ce masa kawai shi ne, "Na buga muku ƙararrawa, na yi musu niƙa. Wanne ne ban yi ba?"

Daga baya aka gina sabuwar coci ta bulo a bakin titi, aka kwashe benci, aka kwance ƙararrawa, kowa ya koma can. Shi ma yana hawa duk Lahadi. Amma bai bar tsohuwar ba. Yana share ta, yana korar awaki, duk rani yana kwaɓa ƙasa ya toshe inda ruwa ya ci. Yana saurayi ya ɗauki ƙasar da aka gina ta da ita a kansa. A cikinta aka ɗaura aurensu da Kaka. Duk wannan na san shi ranar da na tsaya a gabanta da waya. Na ma rubuta a cikin aikina cewa mutanen ƙauye ne suka gina ta da hannunsu.

Da tari ya fara tsananta masa, Kawu ya ɗauko shi ya kawo Idu don ya yi kusa da likita. Bai daɗe ba. Yakan zauna a ƙofar gida ya juya kunnensa mai kyau wajen masana'antu.

"Duk wannan ƙara, me suke niƙawa?"

"Ba niƙa ba ne, Baba. Roba suke yi, irin su bokiti da kujera."

"Tun safe har dare?"

"Har kwana suke yi."

"To me za a ci?"

Na je gaishe shi a can. Wayata tana hannuna, ita ɗin dai. Har na yi tunanin in ɗauke shi, sai na ga ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, na ce a raina bari ya ɗan murmure. Ya tambaye ni ko malamai sun ga hotunan. Na ce sun gani, har sun rataye. Ya ce, "Madalla. Majami'ar ta fito?" Na ce ta fito sosai. Bai ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara komai ba. Wata safiya Kawu ya tafi aiki, ya dawo ya tarar tsohon ya hau motar Kwali da kansa.

Ubangiji ya ba shi hutu a inda babu tari, ya kuma mayar masa da kunnensa. Mu da ya bari, ya ba mu haƙuri.

Bayan jana'iza ban koma makaranta da wuri ba. Maganar Kawu ce nake juyawa, cewa dama ba ya son hoto. Na riƙe ta da hannu biyu. Idan gaskiya ce, to abin da na yi bai wuce rashin tunani ba, shi kuma bai rasa komai ba. Ina so wani wanda ya san shi ya sake faɗa mini ita.

Na tambayi Mama tana ɗaure kayan komawa. Ta ce, "Ke, bar wannan magana. Mutanen da ina ruwansu da hoto? Ɗauko mini igiyar can." Na kuma tambayi Kawu, ya ce, "Ba na gaya miki ba? Kar ki sa wa kanki damuwa, fosta ta riga ta wuce." Amma su biyun a birni suke, sun fi ni daɗewa da barin kwarin.

Sai na hau tudu wajen Baffa. Wannan ne karo na farko da na je rugar ni kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi, matarsa ta kawo mini nono. Na daɗe ina juya ludayi kafin na ce, "Baffa, wai Baba Tsoho ba ya son a ɗauke shi hoto?"

Ya juya yana kallon shanunsa, kamar akwai wadda ta ɓace.

"Ni ranar ban sauko ba," ya ce. "Ki tambayi tsohuwa."

Ni kuwa ban ambata masa wace rana ba. Na yi masa sallama na sauko.

Kaka ba mai magana ba ce, wataƙila ita na gado. Duk kwanakin makoki tana ɗaki a tsakiyar mata, kanta a ƙasa. Sai da baƙi suka ragu na same ta ita kaɗai da hantsi, a tsakar gida, tana tsince tsakuwa daga dawa. Yanzu sai an hau da hatsi bakin titi ake niƙa, don babu wanda ya iya tayar da injin kwari. Na zauna a gefenta na ja faifai ɗaya. Muka yi ta tsinta. Da na ga dawar ta kusa ƙarewa, na ce, "Kaka, su Kawu sun ce Baba Tsoho ba ya son hoto. Haka ne?"

Ba ta ɗago ba. Ta jefar da tsakuwar da ke hannunta, ta ɗauki wata.

"Su da suke birni ne suka san abin da yake so? Tun da uwarki ta aiko cewa za ki zo ɗaukar hoto ya sa na fito masa da shuɗiyar rigarsa ta Kirsimeti, na shanya ta. Ranar bai tayar da inji ba, don kada gari ya hau ta. Mata sun kawo niƙa tun da sassafe, ga kasuwa tana jiransu, ya ce su koma sai gobe. Ke ba ki lura ba, idonki yana kan bango. Da kika hau mota ya shigo ya tuɓe ta, ya ninke da kansa. Na ce masa, an ɗauka? Ya ce, 'Yau na gini ne. Na mutane sai Malama ta dawo.' Ya ce in ajiye ta a sama-sama, kada ta shige ƙasan kaya a yi ta nema. Ita ce kika gan shi da ita a cikin akwatin gawa."